Gwanako da Tumaki a Fili Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara karatu kan kiwo a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, ba zai daɗe ba zai ci karo da sunan gwanako, dabbar dajin da ke cin ciyawa ɗaya da miliyoyin tumaki a kudancin Ajantina da Chile. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban aikin gona, malaman dabbobi da masu kishin namun daji. An fara da sanin dabbar kanta, sannan aka shiga rigimar da ke tsakaninta da masu kiwo.

Wace irin dabba ce gwanako?

Dabbar daji ce ta Kudancin Amurka, mai dogon wuya da siraran ƙafafu. Bayanta ja-ja ne kamar ƙasa, cikinta fari, fuskarta toka-toka. Babba yakan kai mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kuma tsakanin kilo 90 da 140. Yana tuƙa, yana da gudu ƙwarai, idan kuma aka matsa masa yakan tofa wa mutum abin da ke cikinsa.

Zamansu na iyali ne: namiji ɗaya da matansa da 'ya'yan shekarar, a yankin da namijin ke tsarewa. Samarin da ba su samu mata ba suna yin nasu garken daban. Mace tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya da rabi, ta haifi ɗa guda, wanda mutanen can ke kira chulengo. Wannan jinkirin haihuwa yana da muhimmanci, za mu sake komawa kansa a amsar tambayar nama da farauta.

Da gaske dangin raƙumi ne?

Ƙwarai kuwa, sai dai ba shi da tozo. Kakannin dangin sun samo asali ne daga Arewacin Amurka. Wasu suka ƙetara zuwa Asiya, daga cikinsu aka samu raƙumin da muka sani, wasu kuma suka gangara kudu kimanin shekara miliyan uku da suka wuce. Wanda ya saba da raƙumi zai gane dangantakar a tsagaggen leɓen sama, da tafin ƙafa mai taushi, da juriyar ƙishirwa. A gaɓar hamadar Atakama ta Chile, gwanako yana rayuwa da lasar danshin hazo da cin tsirran da ke riƙe ruwa.

Dangin guda huɗu ne a Kudancin Amurka. Gwanako da bikunya na daji ne, lama da alfaka na gida. Daga gwanako mutanen tsaunukan Andes suka samar da lama dubban shekaru da suka wuce, alfaka kuma galibin jininta na bikunya ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2024 a matsayin shekarar dangin raƙumi, kuma su ma suna ciki.

A ina ake samunsa yau, kuma nawa suka rage?

Daga arewacin Peru har zuwa tsibiran Tierra del Fuego a ƙarshen nahiyar, daga bakin teku zuwa tsaunukan da suka haura mita 4,000. Ƙasashe biyar ke da shi: Ajantina, Chile, Peru, Bolibiya da Paraguwai. Ƙiyasin da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta fitar a 2016 ya sa yawansu tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2.2. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suna Ajantina, galibi a yankin Patagoniya da ke kudancin ƙasar, Chile kuma na da mafi yawan abin da ya saura.

Idan sun kusa miliyan biyu, me ya sa ake maganar kare su?

Saboda jimilla tana ɓoye gaskiya. IUCN ta sa gwanako a rukunin dabbobin da ba a fargabar ƙarewarsu, kuma idan aka dubi Patagoniya kaɗai haka ne. Amma a Peru 'yan dubbai ne suka rage, wani kaso mai yawa a gandun Calipuy da aka kafa a 1981. A yankin Chako na Bolibiya 'yan ɗaruruwa ne, a Paraguwai ma ba su kai haka ba. Waɗannan ƙananan garkuna a warwatse suke, ba sa haɗuwa da juna, fari ɗaya mai tsanani ko annoba ɗaya na iya share su.

Don haka mai tumaki a lardin Santa Cruz na kudancin Ajantina da ke cewa gwanako sun yi masa yawa, da ma'aikacin gandun daji a Chako da ke cewa sun kusa ƙarewa, kowa gaskiya yake faɗa game da wurinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki maganin wuri ɗaya a shafa wa ɗayan.

Me ya rage yawansu tun farko?

Masana na ƙiyasin cewa kafin zuwan Turawa akwai gwanako miliyan 30 zuwa 50. Ga al'ummomin Tehuelche da Selk'nam, 'yan asalin kudancin nahiyar, shi ne komai: namansa abinci, fatarsa tufafi da tanti, jijiyarsa zare da tsirkiyar baka. A Kogon Hannaye na lardin Santa Cruz, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, akwai zanen farautar gwanako da ya haura shekara dubu tara. Dubban shekaru ana farautarsa, bai ƙare ba.

Abin ya sauya ne a ƙarshen ƙarni na 19. Daga 1878 zuwa 1885 sojojin Ajantina suka ci yankin kudu da yaƙi, a farmakin da Janar Julio Roca ya jagoranta, aka kashe 'yan asalin ƙasar ko aka kore su, aka yanka ƙasa manya-manya aka raba. Tumaki suka shigo, wasu daga tsibiran Falkland, wasu daga arewa. Zuwa shekarun 1950 sun kai kusan miliyan 22 a Patagoniyar Ajantina. Masu gonakin suka ɗauki gwanako a matsayin ɓarawon ciyawa, ana harbe shi, ana ciyar da karnuka da namansa.

Sai kuma cinikin fatar jarirai. Ana bin chulengo yana ɗan kwanaki da haihuwa, a kashe shi don laushin fatarsa, a ɗinka barguna da ake kira kiyango. A shekarun 1970 an fitar da dubban ɗaruruwan irin waɗannan fatu daga Ajantina. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara ba za ta jure a riƙa kwashe 'ya'yanta haka ba.

Shin gwanako yana cinye wa tumaki ciyawa?

Abincinsu ya yi kama sosai, babu amfanin musun wannan. A lokacin da ciyawa ta yi ƙaranci, abin da gwanako ya ci tunkiya ba za ta same shi ba. Ana yawan lissafa gwanako ɗaya a matsayin tunkiya ɗaya da rabi zuwa biyu, ko da yake ana jayayya kan lissafin, domin cikinsa ya fi na tunkiya iya narkar da busasshiyar ciyawa, kuma yana cin ganyen ƙananan itatuwan da tunkiya ba ta damu da su ba.

Abin da binciken da aka yi a lardin Chubut ya nuna shi ne, inda tumaki suka yi yawa gwanako ne ke ja da baya. Tumaki na riƙe wuraren da suka fi ciyawa da ruwa, musamman ƙananan fadamun da ake kira mallín, gwanako kuma ya koma kan tudu da duwatsu. A ɗaya ɓangaren, wasu masanan hukumar binciken aikin gona ta Ajantina, INTA, sun yi lissafin cewa a sassan Santa Cruz idan aka haɗa bakin tumaki da na gwanako sun fi ƙarfin abin da ƙasa ke fitarwa. Bai kamata a yi watsi da wannan ƙorafi ba. Mutumin da ya rage garkensa don ciyawa ta farfaɗo, ya wayi gari ya ga ɗaruruwan gwanako a filin da ya hutar, yana da dalilin jin zafi.

To wa ya lalata ƙasar kiwon Patagoniya?

A nan ra'ayina a fili yake: yawan tumaki ne. Yawancin wannan yanki ba ya samun ruwan da ya wuce milimita 200 zuwa 300 a shekara, ga iska mai ƙarfi da ba ta tsayawa. An ɗora masa tumaki fiye da kima shekara da shekaru, a filin da ba a hutar da shi, har ciyawa mai daɗi ta ɓace, iska ta kwashe ƙasar sama. Duk wannan ya faru ne a lokacin da gwanako ya fi ƙaranci. Da ƙasa ta gaji, farashin ulu ya faɗi, sannan dutsen Hudson ya yi aman wuta a 1991 ya lulluɓe filaye da toka, sai gonaki da yawa a tsakiyar Santa Cruz suka zama kufai. A waɗannan kufai gwanako ya sake yawaita. Ya zo ne bayan ɓarnar.

Akwai misali mai kyau a San Pablo de Valdés, wata tsohuwar gonar tumaki a Chubut da aka mayar wurin kariya a 2005. Bayan an kwashe tumaki, gwanako ya ƙaru na 'yan shekaru sannan yawansa ya tsaya, ciyawa kuma ta farfaɗo. Masu binciken sun danganta hakan da yadda kowane namiji ke tsare yankinsa, wanda ke hana cunkoso. Ba a ce haka zai kasance ko'ina ba, musamman inda shinge ya hana dabbobin bazuwa.

Mece ce matsalar shinge?

Gonakin Patagoniya a kewaye suke da waya, dubban kilomita. Babban gwanako yakan tsallake, amma wanda bai cika shekara biyu ba sau da yawa ƙafarsa ta baya kan maƙale tsakanin wayoyi biyu na sama, ya rataye a nan har ya mutu. Duk wanda ya bi manyan hanyoyin yankin yana ganin ƙasusuwansu a jikin waya.

Ɓarnar da ta fi wannan ita ce toshe hanyar ƙaura. A da garkuna na hawa tudu da bazara, su sauko idan sanyi ya shigo. Idan dusar ƙanƙara ta rufe fili kuma waya ta tare gaba, sukan mutu da yawa a kusurwa ɗaya. Wanda ya ga abin da toshe burtali ke jawo wa shanu ba ya bukatar dogon bayani. Gyaran ba shi da tsada sosai: a rage tsayin shinge, a cire wayar sama ko a buɗe tazara tsakaninta da ta ƙasa, a bar mashiga a wuraren da aka san suna bi.

Me ake nufi da amfani mai ɗorewa a nan?

Ana nufin a samu kuɗi daga dabbar ba tare da garken ya ragu ba, domin mai fili ya daina kallonta a matsayin asara zalla. Hanyoyin uku ne: aske gashinta da ranta a sake ta, yanka wani adadi da aka ƙayyade don nama, da kuma yawon buɗe ido. Kowace tana da amsarta a ƙasa. An kuma gwada kiwon gwanako a killace, amma kuɗin shinge da ciyarwa yakan cinye riba, kuma ba ya ƙara wa na daji komai.

Yaya ake aske dabbar daji?

Ana kafa shinge biyu dogaye masu siffar mazurari, baki a buɗe, ƙarshe a tsuke. Mahaya dawakai su jera su koro garken a hankali har cikin shingen ƙarshe, wanda ake rufe gefensa don dabbobin su daina ganin waje. Sai a kama ɗaya bayan ɗaya, a rufe masa ido, a kwantar da shi, a aske baya da gefe cikin 'yan mintuna, a sa masa alama, a sake shi. Dabarar ta yi kama da chaku, tsohuwar al'adar daular Inka ta tara bikunya.

Misalin da aka fi ambata shi ne na gandun La Payunia a kudancin lardin Mendoza, inda ɗaya daga cikin manyan garkuna masu ƙaura ya rage. A 2005 makiyayan awaki na yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Payún Matrú, suna yin askin tare da masana da ma'aikatan gandu, daga baya kuma suka samu injinan gyara gashi da kaɗi. Abin da ya sa nake ganin darajar wannan aiki shi ne talakawan da ke zaune da dabbar ne suke yin sa, mutanen da a da ba su da wata riba da kasancewarta.

Askin ba ya cutar da su?

Yana iya cutarwa idan aka yi shi da gaggawa. Kora mai tsanani da tsawon tsarewa kan sa tsokar dabbar daji ta lalace saboda firgici, ta mutu bayan an sake ta. Cunkoso kan karya ƙafa, kuma iyali kan watse. Shi ya sa ƙa'idojin aikin suka tanadi a yi kora a hankali, a rage hayaniya, kada a daɗe da dabba a hannu, a bar gashin ciki da ƙirji. Lokaci ma abin lura ne. Ana yin sa bayan sanyi ya wuce, wajen Satumba da Oktoba, tunda yanayin can kishiyar na arewacin duniya ne, kafin haihuwa ta kankama a ƙarshen shekara. Inda aka bi ƙa'ida mace-mace kaɗan ne.

Idan gashin na da tsada, me ya sa bai azurta makiyaya ba?

Gashin ciki na gwanako yana cikin mafi laushi a duniya. Kaurinsa wajen maikuron 14 zuwa 18 ne (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kusa da na bikunya. Sai dai dabba ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce giram 300 zuwa 500, kuma a gauraye yake da gashin waje mai kauri wanda dole a tsince. Bayan tsincewa nauyin ya ragu sosai.

Ga kuma kuɗin kafa shinge, dawakai, ma'aikata, likitan dabbobi da takardun izini, a shekarar da mai yiwuwa garken ya ƙi shiga. Masu saye 'yan kaɗan ne, galibi masaƙun Turai, su ke yanka farashi, kuma sunan gwanako bai shahara a kasuwa kamar na bikunya ba. Riba mai tsoka tana wajen wanda ya kaɗa ya saƙa. Wannan ne dalilin da ya sa mutanen Payún Matrú suka nace sai sun sayar da zare maimakon ɗanyen gashi.

Nama da farauta fa?

Naman ba shi da kitse sosai, kuma tun da can ana shanya shi a yi charki, wani abu mai kama da kilishi. A ɓangaren Chile na Tierra del Fuego hukumar noma da kiwo ta SAG tana ba da izinin harbe adadi ƙayyadadde tun farkon shekarun 2000, bisa hujjar cewa gwanako na cinye 'ya'yan itacen lenga a dazukan da ake sarar katako. A Santa Cruz ma ana yanka shi a mayanka, har an fitar da naman zuwa Turai a 2018.

Ban ga laifin cin naman ba inda garke ke da yawa. Sharaɗin shi ne ƙidaya ta gaskiya kafin a yanke adadi, da sake ƙidaya bayan an yi. Kamar yadda aka faɗa a amsar farko, ɗa ɗaya ake haifa a shekara, kuma sanyi mai tsanani kan kashe da yawa ba tare da harsashi ba. Idan manufar ita ce a share fili don tumaki, aka laƙaba mata sunan amfani mai ɗorewa, to an koma gidan jiya. A arewa kuwa, inda suka rage 'yan ɗaruruwa, babu maganar farauta ko kaɗan.

Me doka ta ce?

Gwanako yana rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, tun 1978, wato ana iya cinikinsa tsakanin ƙasashe amma da izini. A 1993 aka ba ƙasashe shawarar dakatar da sayen kayan gwanako daga Ajantina saboda rashin tsari. Ƙasar ta fitar da tsarin kula da shi na ƙasa a 2006, wanda ya fi karkata ga aski, ta sabunta shi a 2019 ta buɗe ƙofar cinikin nama. A Fabrairun 2024, a taron birnin Samarƙand na Uzbekistan, aka sa shi cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura. A Ajantina larduna ne ke da ikon albarkatun ƙasarsu, don haka ƙa'idar Mendoza daban, ta Santa Cruz daban.

Yana sa wa tumaki cuta?

Zargin ya fi hujjar yawa, kuma sau da yawa cutar daga dabbobin gida take tafiya zuwa na daji. A gandun San Guillermo na lardin San Juan, ƙazwa ta ɓarke wajen 2014 ta kashe kusan dukkan gwanako da bikunyan wurin cikin 'yan shekaru, kuma bincike ya karkata ga cewa daga lamar da aka kawo kusa da gandun ta fito. Abin da ke damun masu nama shi ne wata ƙwayar cuta da ke yin ƙananan ƙulli farare kamar shinkafa a cikin tsoka, wadda ke rage darajar naman kuma ta sa dole a duba shi a dafa shi sosai.

Me zai hana a bar su a gandun daji kawai?

Gandun daji ya yi aiki. A Torres del Paine na Chile sun tashi daga ƙasa da 200 a tsakiyar shekarun 1970 zuwa dubbai. Monte León a Santa Cruz gonar tumaki ce kafin ta zama gandun ƙasa a 2004. A kwarin Chacabuco na Chile, wanda ƙungiyar Kristine Tompkins, wata Ba'amurkiya mai kishin kare muhalli, ta saya a wannan shekarar, an cire tumaki da wayoyi, daga baya aka miƙa wa gwamnati. Amma duk gandayen nan ƙaramin yanki ne na Patagoniya. Mafi yawan gwanako a filayen masu kiwo suke zaune, don haka makomarsu tana hannun masu tumaki.

Akwai kuma puma, babbar kyanwar daji mai kama da zakanya, wadda gwanako ne babban abincinta. Masu kiwo na kukan cewa gandu na tara ta, ita kuma ta fito ta kama tumaki. Wasu sun rage asarar da karnukan da ake reno tare da garke tun suna ƙanana. A kewayen Torres del Paine kuma wasu gonaki sun koma karɓar baƙin da ke biyan kuɗi don ganin puma, sai dai wannan na yiwuwa ne kawai inda masu yawon buɗe ido ke zuwa.

Mai tumakin da gwanako ke cikin filinsa, daga ina zai fara?

Daga auna ciyawa. Ya san nawa filinsa ke fitarwa a shekarar fari, ya ɗora lissafinsa a kan wannan, tunda shekarar yalwa ba ta zuwa kullum. Sannan ya ƙirga gwanakon da hanyar da masana suka yarda da ita, a mota ko daga sama, sau biyu a shekara, domin garken da ke wucewa da sanyi daban yake da wanda ke zaune. Daga nan ya haɗa bakin duka biyun a lissafi ɗaya.

Bayan haka sai ya kare fadamunsa daga yawan kiwo, ya gyara wayar da ke kan hanyar ƙaura kamar yadda aka bayyana a amsar shinge, ya nemi maƙwabta su yi tsarin tare, domin garken ba ya tsayawa a iyakar gona ɗaya. Idan ƙidaya ta nuna akwai isassu, sai ya nemi izinin aski daga hukumar namun daji ta lardinsa, kuma ya tabbata ya samu mai saye kafin ya kafa shingen kora.